In Ji Wa? Yadda Nake Koya wa Ɗalibaina Riƙe Madogara

Farfesan da ya duba kundina na digiri na biyu, Allah ya jiƙansa, ba ya yawan rubutu a gefen takarda. Jan biro gare shi, kuma kalmomi uku kacal yake ajiyewa: "In ji wa?" Babi na biyu da na fara kai masa, shafi ashirin da shida, ya dawo mini da "in ji wa" goma sha tara. A cikin mota na ƙirga su, a hanyar gida. Washegari na koma ofishinsa na nuna masa guda ɗaya na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan maganar kowa ya san ta." Ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo mini biron, ya ce, "To 'yar nan, rubuta mini cikakken sunan Kowa ɗin, da shekarar da ya buga littafinsa."

Yau shekara goma sha huɗu ke nan ni ma ina duba kundayen ɗalibai, kuma na gaji jan biron. Abin da na lura shi ne, ɗalibi ba ya faɗuwa a harkar madogara, wato nuna inda ya samo magana, don ya kasa gane inda ake sa waƙafi da aya. Wannan a wuni ɗaya ake koyon sa. Jinkiri ne ke kayar da shi. Zai karanta abu a watan Maris, ya kwafe abin da ya burge shi, sai a watan Agusta, daren da za a kai aiki bayindin, ya zauna yana tambayar kansa daga ina ya samo. A lokacin littafin ya koma hannun mai shi, shafin intanet ya ɓace, filash ya mutu. Daga nan sai ƙirƙira ta fara: a lalubo wata shekara a liƙa, a yi cinta-cinta da lambar shafi. Don haka duk abin da zan faɗa a nan a kan abu ɗaya ya rataya. Ana rubuta madogara ne a zaman da aka karanta ta, kafin a tashi daga kujera. Tun ran gini, ran zane.

Wasu ɗaliban suna ɗaukar abin a matsayin fi'ilin Turawa. Ni kuwa nakan tuna musu cewa duk wanda ya zauna a zauren malami ya san hadisi ba ya tafiya ba isnadi. Imam Muslim ya kawo maganar Abdullahi bin Mubarak a muƙaddimar littafinsa, cewa isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa littafi sukutum ya rubuta don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Idan ka buɗe tsofaffin littattafan kakanninmu za ka ga gefen takarda cike da hashiya, malami yana ƙara bayani yana faɗin inda ya samo. Aikin da ake neman ka yi ke nan, tufafi kawai aka sauya masa.

Bari in fara da abin da ya same ni, don a kaina na koya. Ina tsakiyar bincike na je wani ɗakin karatu a wani gari, tafiyar awa huɗu, na sami wata tsohuwar mujalla da maƙalar da na daɗe ina nema. Murna ta sa na yi fotokwafin shafukan maƙalar goma sha ɗaya na kamo hanya. Wata biyar bayan nan na zo haɗa manazarta, sai na ga ba sunan mujallar a jikin takardun, ba shekara, ba lambar fitowa, kuma injin ya yanke lambobin shafi na ƙasa. Sunan marubuci kaɗai gare ni da kanun maƙala. Sai da na sake biyan kuɗin mota zuwa da dawowa, na kwana gidan ƙawar yayata, don in kwafi layi ɗaya da bai kai kalma goma ba.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, ita nake kafa wa ɗalibaina. Littafi ya shigo hannunka, kafin ka karanta ko harafi ɗaya, ɗauki waya ka yi wa shafin farko hoto, wanda ke ɗauke da suna da marubuci, sannan ka juya ka ɗauki bayansa, inda ake sa shekara da maɗaba'a da bugu na nawa ne. Kada ka dogara da bango. Sau da yawa sunan da ke bango guntu ne. In mujalla ce, ka ɗauki bangonta da ƙumshiya, ka tabbata kana da lambar kundi da lambar fitowa da shafin da maƙalar ta fara da wanda ta ƙare. In babi ne a cikin littafin da mutane da yawa suka haɗu suka rubuta, kana buƙatar sunan mai babin da kuma sunan editan, domin ɗalibai sun saba jingina wa edita maganar da ba tasa ba. In kundin digiri ne, ka rubuta matakin digirin da sashe da jami'a. Amma hoto a waya ba ajiya ba ce, ana sace waya. A daren ka juye bayanin a littafinka.

Littafin nan shi ne ƙashin bayan aikin. Ka sayi mai bango mai ƙarfi, ka ware shi ga binciken kaɗai, ban da lissafin cefane. Kowace madogara ta sami sabon shafi, cikakken bayaninta a sama. Duk abin da za ka rubuta a ƙasa, fara da lambar shafin da ka ɗauko shi, a gefen hagu, sannan ka sa masa ɗaya daga cikin alamomi uku. Ni Z nake sawa idan zancen marubucin ne kalma da kalma, kuma sai na rufe shi da alamar zancen wani ko da kalma huɗu ce. T idan taƙaitawa na yi da bakina. N kuwa ni ce: tunanina, shakkata, tambayata, ko abin da ya tuna mini da wani littafin. A ce ɗalibi yana bincike kan kalmomin sana'ar rini a Kano. Shafinsa zai iya zama haka: 42, Z, ga ma'anar katsi kamar yadda marubucin ya ba da ita, 44 zuwa 47, T, yana ganin shigowar rinin kanti ne ya rage amfani da baba, wato shukar da ake yin shuni da ita, N, amma marinin da na yi hira da shi a Ƙofar Mata ya ce mutuwar saƙar hannu ce ta fi yi musu illa, in duba wannan.

Wannan rabe-raben kamar wasan yara ne, amma shi ke raba mutum da satar fasaha. Yawancin ɗaliban da na kama ba ɓarayi ba ne da niyya. Sun kwafi sakin layi a watan Maris ba alama, suka dawo a Agusta suka karanta, ya yi musu daɗi, suka ɗauka su suka rubuta. Layukan N ɗin kuma, idan ka tattara su a ƙarshe, za ka ga rabin babinka na huɗu ya rubuta kansa. In littafin naka ne na kanka, ko fotokwafi, yi hashiyarka a gefe da fensir yadda kake so. In na laburare ne, ka ji tsoron Allah ka bar shi yadda ka same shi. Na gaji da buɗe littafi in tarar wani ya bi rabin shafi da koren biro.

Game da taƙaitawa, akwai wata dabara da ɗalibai ke yi wadda ba ta tsallakar da kowa: a ɗauki jimlar mutum a mayar da "ya ce" ta koma "ya bayyana", "muhimmi" ya koma "mai muhimmanci", a ce an sake ta. Ba a sake komai ba. Hanyar ita ce ka karanta, ka rufe littafin, ka faɗa wa kanka abin da ka fahimta kamar kana ba ƙaninka labari, ka rubuta, sannan ka buɗe ka gwada ko ka yi masa ƙari ko ragi. Bayan duk wannan ma sai ka ambace shi, don kalmomin ne naka, tunanin nasa ne. Haka wanda ya fassaro shafi daga Ingilishi ko Larabci ko Faransanci zuwa Hausa ya yi shiru. Manhajar gano satar fasaha irin Turnitin tana iya wuce shi ba ta gani ba, amma fagenmu ƙarami ne. Ba abin mamaki ba ne mai jarrabawa na waje da zai zauna gabanka ranar difens, wato kare kundi, ya zama shi ya rubuta maƙalar, ko ɗalibinsa.

Sai zaɓen salo, kuma a nan ba ka da zaɓi. Je sashenku ka tambayi wane salo ake bi da kuma bugu na nawa, in akwai takardar jagora ka karɓa. Sassan ilimi da kimiyyar zamantakewa da yawancin sassan harsuna APA suke bi, salon ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda ya faro tun 1929; bugu na bakwai ya fito a ƙarshen 2019. Masu adabin Ingilishi sukan bi MLA, salon ƙungiyar nazarin harsunan zamani ta Amurka, bugu na tara na 2021, su sunan marubuci da shafi suke sawa a cikin rubutu, ba shekara. Masu tarihi sun fi son tushen bayani a ƙasan shafi, irin na salon da ake kira Chicago. Likitoci da injiniyoyi lambobi suke jerawa. Abin da ba na so shi ne bin Yarima a sha kiɗa: ka ɗauko kundin wani da ya gama shekara takwas da suka wuce ka kwaikwayi manazartarsa. Shi ma kwaikwaya ya yi, da kurakuran wanda ya gabace shi, kuma a tsohon bugu. Alama mai sauƙi: a bugu na bakwai na APA an daina sa garin da aka buga littafi. In ka ga "Zariya" da ruwa biyu kafin sunan maɗaba'a, tsohon tsari ne. Wasu sassan har yanzu shi suke so, shi ya sa na ce ka tambaya.

Tunda APA ce ta fi yawa a wurinmu, ga yadda take. A cikin rubutu, suna da shekara: ko dai ka ce Wane (2015) yana ganin kaza, ko ka kawo maganar ka rufe da (Wane, 2015). In zancensa ka ɗauko kalma da kalma, dole shafi ya biyo: (Wane, 2015, sh. 42). Ni ko a taƙaitawa ina so a sa shafi, duk da dokar ba ta wajabta ba, domin tura mai karatu ya lalubi magana ɗaya a littafi mai shafi ɗari huɗu rashin tausayi ne. Zancen da ya kai kalma arba'in ana ware shi a sakin layinsa, a tura shi ciki, a cire alamar zance. Marubuta biyu, ka ambace su duka kowane lokaci. Uku zuwa sama, sunan na farko kawai sai "da wasu" tun daga ambaton farko. Masu rubutu da Ingilishi su sa et al. In mutum ɗaya ya fitar da aiki biyu a shekara guda, su zama 2015a da 2015b. A jerin manazarta kuwa, littafi yana tafiya haka: Wane, A. B. (2015). Sunan littafi. Maɗaba'a. Maƙalar mujalla kuma: Wance, H. (2018). Sunan maƙala. Sunan Mujalla, 12(2), 33–51. Sunan littafi da sunan mujalla su ake karkatawa, ban da sunan maƙala. Iyakarta ke nan, sauran duk rassa ne.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne bambancin ganau da jiyau. Kullum sai na ga ɗalibin da bai taɓa fita garinsu ba ya jero littattafan da aka buga a Landan da Balin tun kafin a haifi kakansa. Nakan tambaye shi, "Malam, a ina ka ga wannan?" Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Malama, a cikin littafin Wane na gani." To haka za ka rubuta: Wance (1962), kamar yadda Wane (2015, sh. 18) ya ruwaito. A manazarta kuma Wane kaɗai zai fito, don shi ka riƙe da hannunka. Ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne Wane ya yi kuskure wajen kwafa, kai ma ka ɗauko kuskuren ka ce da idonka ka gani. In kuwa maganar ita ce ginshiƙin hujjarka, tashi ka nemo asalin.

Sunayenmu suna da tasu rigimar, domin an tsara waɗannan salalai ne ga mutanen da ke da sunan dangi. Mu kuwa sunan yanka ne, sai na uba, wani lokaci sai na gari ko unguwa. Ƙa'idar da ake bi ita ce sunan ƙarshe kamar yadda marubucin ya sa a jikin aikin, ko da sunan gari ne. Shi ya sa manazartar sassan Hausa ke cike da Gusau da Bunza da Galadanci. Ana zubar da Alhaji da Hajiya da Farfesa da Dokta da sarauta, ba raini ba ne. Kada ka gyara wa mutum rubutun sunansa: in Mohammed ya rubuta kada ka mayar da shi Muhammad. Macen da ta yi wallafa da sunan mahaifinta, daga baya ta koma sunan miji, kowane aiki ka bar shi da sunan da ke jikinsa. Masu suna ɗaya kuwa, su Abubakar da Muhammad da suka cika fage, ka haɗa da harufan farko na sunayensu a cikin rubutu don a rarrabe. In hukuma ko cibiya ce ta fitar da aiki, ita ce marubuciya. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, alal misali, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ake jingina wa.

Shekara ma tana yaudara. Ƙamusun Bargery a 1934 ya fara fitowa, maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993. Ɗalibin da ya rubuta cewa "a 1993 Bargery ya gano" ya sa mutumin yana bincike shekaru da dama bayan rasuwarsa. In sabon bugun ne a hannunka, sa duka biyun: (Bargery, 1934/1993). In kuma ka duba ko'ina ba shekara, kamar yawancin ƙananan littattafan kasuwa, rubuta cewa babu shekarar bugu. Kada ka yi kirdado.

Yanzu ga inda littattafan jagora na waje ba sa yi mana cikakken amfani, wato abin da aka ji da kunne. Rabin iliminmu yana bakin mutane. A tsarin APA, maganar da mai karatu ba zai iya komawa ya same ta ba a cikin rubutu kawai ake ambaton ta, ba ta shiga manazarta. Amma sassan Hausa da na tarihi sukan nemi jerin waɗanda aka yi hira da su daban a ƙarshe, kuma ina ganin gaskiyarsu. Ga kowace hira ka rubuta sunan mutumin, shekarunsa, sana'arsa ko matsayinsa, wurin da aka zauna, da rana da wata da shekara. Dabarar da nake koyarwa ita ce, da ka kunna rikoda, kafin tambayar farko, faɗi waɗannan da bakinka su shiga cikin sautin: yau Talata kaza ga wata, ina karofi kaza, tare da Baba wane. Ko sunan fayil ya ɓace, bayanin yana ciki. Ka nemi izininsa kafin ɗauka, ka kuma tambaye shi ko ya yarda a sa sunansa. In ya ce a'a, ko maganar tana iya jawo masa fitina, ka sakaya shi ka faɗa cewa ka sakaya. Shekarun tsofaffi kuwa, wanda ya ce maka an haife shi shekarar da aka yi kaza, rubuta "kimanin", ka ajiye abin da ya faɗa a littafinka.

Waƙar baka ta fi wuya. Makaɗi ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Wadda ya yi a gidan rediyo daban, wadda ya yi a gidan biki daban, ya ƙara ɗiyan waƙar, ya rage, ya sako sunan wanda ya yi masa kyauta a ranar. Don haka sunan makaɗi da sunan waƙa ba su isa ba. Faɗi wane ɗauka ka saurara: faifai ne, kaset ne, daga taskar wane gidan rediyo, ko daga wane shafi na YouTube, da tsawonsa, da mintin da baitin ya faɗo. In wani ya riga ya juye ta a takarda kuma daga nan ka ɗauko, shi za ka ambata. Wadda aka turo maka ta WhatsApp ba asali, ka nemi asalinta kafin ka gina babi a kanta.

Alƙur'ani sura da aya ake ba shi, amma fassarar tana da mai ita. In ta Shaihu Abubakar Gumi ce ka faɗa, in taka ce ka ce fassarar mai bincike. Hadisi kuma kada ka tsaya ga lamba kaɗai, domin lambobin suna saɓawa daga bugu zuwa bugu. Kawo littafin da babin, sannan lambar da bugun da ka duba. Littattafan Larabci sukan zo da shekarar Hijira, ka rubuta ta yadda take, in za ka ƙara ta Miladiyya ka nuna cewa kai ka ƙara. Masu amfani da Maktaba Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci, su duba katin littafin, yana faɗa ko lambobin shafinsa sun dace da bugun takarda ko ba su dace ba. Takardun taskar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da lambar fayil ake kiran su, irin su KANPROF da SOKPROF da SNP. Kwafe lambar daga bangon fayil ɗin harafi da harafi kafin ka kwance igiyar. Jarida, ko Gaskiya Ta Fi Kwabo ce ta 1939 ko wata jaridar ta jiya, rana da wata da shafi.

Intanet ba madogara ba ce, hanya ce. "Google, 2023" da nake gani a kundaye daidai yake da mutum ya ce ya samo magana daga tashar mota. Nemi wanda ya rubuta, da ranar, da sunan shafin, da cikakken adireshi. In maƙala tana da lambar DOI, wadda ke farawa da 10 da ɗigo, ita za ka sa, don ba ta sauyawa ko mujallar ta yi ƙaura. Google Scholar yana da maɓallin da ke shirya maka madogara, amma yana yawan cin sunayenmu, ya mayar da sunan uba na yanka; duba da idonka. Sabuwar annobar kuwa tun ƙarshen 2022 ta shigo, lokacin da ChatGPT ya bayyana. Irin waɗannan manhajoji suna iya ƙera maka madogara mai kyan gani, da sunan malami na gaske da mujalla ta gaske, amma maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini guda bakwai, muka zauna tare muka neme su ɗaya bayan ɗaya, biyu kaɗai muka samu. Ya rantse bai yi ƙarya ba, kuma na yarda, ƙarya aka yi masa ya ɗauko. Abin da ba ka buɗe ka karanta ba, ba ya shiga kundinka.

Kafin ɗalibi ya rubuta mini babi na biyu, nakan sa ya kawo manazarta mai sharhi: madogara goma zuwa goma sha biyar, kowace da ɗan sakin layi a ƙarƙashinta, kalma ɗari zuwa ɗari da hamsin. Ba tsakuren marubucin nake so a kwafo mini ba. Ina so in ji me ya ce, ta yaya ya sani, kuma me zai yi maka. Ga irin wanda ke faranta mini rai, a kan misalinmu na rini: "Wane ya tattara kalmomin rini a karofi biyu cikin birnin Kano, ta hanyar hira da marina tara, dukkansu maza da suka haura hamsin. Ya kasa kalmomin gida uku: na kayan aiki, na matakan aiki, da na launi. Ƙarfin aikin yana babi na huɗu, inda ya kawo kowace kalma a cikin jimlar da ya ji ta. Sai dai bai sa karin sauti ba, don haka baban rini da baban gida duk ɗaya suke a takarda, kuma bai taɓo matan da ke ɗaurin zane a gida kafin a kai karofi ba. Zan yi amfani da rabe-rabensa a babi na uku. Kalmomin matan kuwa su ne aikina."

Dubi jimla ta ƙarshe. Giɓin da ake ta wahalar da ɗalibai su nemo, ga shi ya faɗo da kansa. Wanda ya yi wannan sau goma sha biyar ba zai rubuta bitar nan mai gajiyarwa ta "Wane ya ce, Wance ta ce, wannan aiki yana da alaƙa da nawa" ba, domin ya riga ya san su wa suka yarda da juna, su wa suka saɓa, kuma a kan me. Kada ladabi ya hana ka faɗin raunin aikin babban malami. Faɗa cikin mutunci, ka kawo shafi.

Mai kwamfuta ya sauke manhajar Zotero. Kyauta ce, tun 2006 take, tana ajiye madogara, tana saka ta cikin Word, tana sauya salo daga APA zuwa Chicago a dannawa ɗaya, kuma tana aiki ko ba data. Amma abin da ka zuba mata shi za ta dafa, in ka shigar da suna a karkace haka zai fito sau talatin. Ni dai ban yar da littafina mai bango ba.

Kwana biyu kafin bayindin, samu aboki ku zauna. Kai ka riƙe babobin, shi ya riƙe manazarta. Ka karanto duk sunan da ke cikin baka biyu da shekararsa, shi yana yi masa alama. Wanda ka kira bai samu ba, an manta shi, a ƙara. Wanda ya rage ba alama bayan kun gama, ado ne aka sa don jerin ya yi tsawo, a cire. A nan za ku kama 2008 da ta koma 2018, da Wanen da ya zama Wani a babi na huɗu.

Sannan ka kula da haruffa masu ƙugiya. Da yawa har yanzu suna buga Hausa da tsofaffin salon harafin da ake danna x a sami ɗ, q a sami ƙ, v a sami ɓ. In ka bar kwamfuta ta jera maka manazarta, a wurinta Ɗanjuma Xanjuma ne, sai ta wurga shi can ƙarshe bayan Wali. Jera da hannunka, Ɗ ta bi D, Ƙ ta bi K. Kuma in kwamfutar shagon da za a buga maka ba ta da wannan salon harafi, duk ƙugiyoyin za su zube. Mayar da aikin PDF tun a kwamfutarka, ka ce su fara fitar maka da shafin manazarta guda ɗaya, ka duba shi a tsaye a nan shagon, kafin ka ce a buga kwafi huɗu.